An sauya bel, amma injin wankina bai daina ƙauri ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin wanki mai ƙofa a gaba, shekararsa shida a hannuna. Kwanakin baya ya fara ƙauri kamar ana ƙona taya, musamman idan ya zo matse kaya. Mai gyara ya duba ya ce bel ne ya gaji, ya sa sabo. Ba a yi sati uku ba ƙaurin ya dawo, yanzu har da ƙara, wani lokacin kuma ina jin injin yana aiki amma gangar ba ta juyawa. Ina da injin busar da kaya ma, shi ma na fara tsoronsa. Bel ɗin ne ba shi da kyau, ko mene ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki zare fulogin injin daga bango, kada ki tsaya ga danna maɓallin kashewa kawai, ki kuma rufe famfon da ke ba shi ruwa. Ya zauna haka har a gano inda ƙaurin yake fitowa. Idan kuwa wata rana kika ga hayaƙi, ko fulogin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, a kashe wutar daga babban makunnin gida, kuma kada a watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki.

Mai yiwuwa ne bel ɗin da aka sa miki ba nasa ba ne, zan zo kan wannan. Amma bel da ya ƙone cikin sati uku, da wuya a ce laifinsa ne. Na asali yakan yi shekaru yana aiki ba a ma san da zamansa ba. Ruwa ba ya tsami banza: akwai abin da ke riƙe gangar, moto yana ja, ganga tana ƙi, shi kuwa bel yana tsakiya yana shan guga har ya ƙone. Mai gyaranki ya bar jaki yana dukan taiki. Ba zaginsa nake yi ba, don ni ma a farkon koyon aikina na yi haka. Na ga bel ya yi baƙi yana ƙyalli, na sauya, na karɓi kuɗina, bayan kwana goma aka sake kirana na koma da kunya.

Idan aka kwance murfin baya na irin injinki, za ki ga wani babban faifai kamar ƙafar ƙaramin keke a maƙale a bayan ganga. Shi ake kira fule. A ƙasa akwai moto, wato na'urar da lantarki ke juyawa, da ɗan hancinsa na ƙarfe mai zane-zane wanda kaurinsa bai fi babban yatsa da yawa ba. Bel ne ya haɗa su. Babban fulen ya ninka ƙaramin wajen sau 10 ko fiye, saboda haka idan ganga tana juyi 1,200 a minti ɗaya lokacin matsa, moton yana yin 12,000 ko sama da haka. Ki ƙaddara wannan ɗan ƙarfen yana wannan gudun a kan robar da ta tsaya cik wuri ɗaya. Cikin 'yan daƙiƙu zai cinye ta. Wannan shi ne ƙaurin tayar da kike ji, kuma shi ya sa ya fi tsanani lokacin matsa. Shi ne kuma abin da kika bayyana, cewa kina jin injin yana aiki ganga ba ta motsi: moto yana gudu, bel yana zamewa ko ya faɗo gaba ɗaya.

Kafin a ɗauki sukudireba, hanci ne kayan aikin farko, domin ba kowane ƙauri ne na bel ba, kuma na bel ɗin shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikinsu. Ƙaurin taya na roba ne, ko dai bel ko robar bakin ƙofa. Idan kuma wani ƙarni kike ji kamar na kifi, haɗe da warin leda mai narkewa, to wani mahaɗin waya ne yake zafi, a fulogi, ko soket, ko makullin ƙofa, ko bakin hita. Akwai wani wari mai kaifi mai shiga maƙogwaro, wanda ke daɗewa a ɗaki ko bayan an kashe inji: wannan fentin da ke jikin wayar kwayil ɗin moto ne ya gasu, kuma moton da ya yi wannan wari yawanci ya gama yawo. Sai kuma irin warin da ake ji kusa da mai walda, tare da ƙarar tas-tas, wanda ke nuna tartsatsi a buroshin moto, wato 'yan sandunan gawayi da ke gugar sandar moton. Na ƙarshe ƙaurin tsumma, shi kuma na injin busarwa ne. Ki tuna da kyau wanne kika ji. Kin ce taya, to bari mu bi wannan.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar mita ko wata na'ura. A tabbata an zare fulogi, a bar injin ya huta minti biyar, a kwance murfin baya, a cire bel ɗin. Cirewa ba wuya, a ja shi gefe kaɗan ana juya babban fulen, zai sauko da kansa, a dai kula da yatsu kada fule ya datse su. Yanzu ganga da moto sun rabu, kowa zai faɗi gaskiyarsa. A sa hannu ta ƙofa a wulwula gangar da ƙarfi. Lafiyayyar ganga tana juyawa sumul, ta yi zagaye da yawa kafin ta tsaya, ba ka jin komai sai ɗan motsin ruwa. Idan ta yi nauyi, ko tana gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, ko tana cijewa a wani wuri, an kama ɓarawon.

Daga yadda kika kwatanta, shekara shida, ƙauri lokacin matsa, sannan ƙara, zargina na farko boris ne. A bayan ganga akwai boris guda biyu da sandar gangar ke juyawa a cikinsu, a gabansu kuma akwai sil na roba da ke hana ruwan wanki isa gare su. Da sil ɗin ya gaji, ruwa da sabulu za su riƙa kutsawa, su wanke giris, tsatsa ta kama. Da farko sai ƙugi lokacin matsa kamar jirgi zai tashi, mutanen gida su saba da shi har su daina ji. Daga baya boris ya fara cijewa, shi ke nan bel ya shiga uku. A haska tocila a ƙarƙashin babban fulen: idan an ga zanen ruwan tsatsa ya gangaro a bayan tankin, wato mazubin ruwan da gangar ke ciki, ko feshin ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa a jikin murfin baya, ba sai an yi dogon bincike ba. Wannan ruwan kansa yana zuba a kan bel ya ƙara masa santsi. Wani gwajin kuma, a buɗe ƙofa a kama leɓen gangar ta ciki daga sama, a ɗaga ta a sauke. Tankin gaba ɗaya zai yi lilo a kan sifirin ɗinsa, wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne gangar ciki ta riƙa motsi ita kaɗai, tana ƙwas-ƙwas, tankin da ke kewaye da ita yana tsaye.

Idan an ji wannan motsin, akwai wani ɗan'uwan boris da ya kamata a sa a lissafi. Gangar tana zaune ne a kan wani ƙarfe mai hannu uku na alminiyam a bayanta. Ragowar sabulu da danshi suna cin sa a hankali har hannu ɗaya ya tsage. Daga nan ganga ta karkace, leɓenta ya riƙa gugar robar bakin ƙofa da gudun matsa. Ƙaurin da ke fitowa daga nan ba shi da bambanci da na bel, har hayaƙi yakan yi a cikin ganga. Na sha zuwa inda aka sauya bel sau biyu, alhali bel ɗin lafiyarsa ƙalau, robar ƙofa ce ke ƙonewa. Ki shafa hannu a cikin robar ƙofarki: idan kin ji wuri ya yi kaushi, ko kin ga baƙin gari kamar na goge fensir, ga amsa nan.

Ina fata dai ba wannan ba ne, domin akwai dalili mai sauƙi wanda shi ma yana yawan faruwa. Tsakanin gangar ciki da tankin waje akwai ɗan fili, kuma abubuwa suna faɗawa ciki: safar yaro, hankici, tsabar kuɗi, ƙusa daga aljihu, da wayar ƙarfe ta rigar mama, wadda ta fi kowa laifi. Safa ɗaya idan ta naɗe a wurin tana iya riƙe ganga kamar birki. Waya kuma takan yi ƙarar karce a kowane zagaye. A haska tocila ta cikin hudojin gangar ana juya ta a hankali. Sau da yawa ana zaro abin ta ramin hita idan an cire shi, ko ta tiyon da ke ƙarƙashin tanki. Aikin awa ɗaya ne, kuma ba a sayen komai sai dai sabon bel.

Idan ganga ta juya lafiya, a koma kan fule da moto. A girgiza babban fulen, notin tsakiyarsa yakan kwance, fule ya riƙa rawa yana jefar da bel. A juya shi ana kallonsa daga gefe don a ga ko ya lanƙwashe ko ya tsage. A juya hancin moto da yatsu, ya kamata ya tafi sumul. A duba zanen jikinsa, domin bel da ya ƙone yakan bar narkakkiyar roba a ciki, idan ba a kankare ta ba sabon bel ba zai zauna daidai ba, zai bi sawun na farko. A kuma taɓa notikan da ke riƙe moto, idan sun saki, moto zai karkace, bel ya riƙa cin gefe ɗaya.

Kada a yar da tsohon bel, yana da labarin da zai bayar. Wanda ya tsufa kawai za a ga ya tsattsage ko'ina daidai wa daida, ya bushe. Wanda ya ƙone a wuri ɗaya, ya yi rami ko ya narke, yana cewa ganga ta tsaya cik moto yana gudu. Wanda cikinsa duka ya yi sulɓi yana ƙyalli, ya daɗe yana zamewa, ko don ya yi sako-sako ko don lodi ya yi masa yawa. Wanda gefe ɗaya ya zazzage zare ya fito, fule da moto ba su daidaita ba. Idan mai gyaranki bai tafi da na farkon ba, a ajiye su biyu gefe da gefe. In duk ciwonsu iri ɗaya ne, to ba daga bel ba ne.

Yanzu maganar ko an sa miki wanda ba nasa ba. A bayan kowane bel akwai rubutu, misali 1270 J5. Lambar farko tsawonsa ne da milimita, harafin yana nuna girman haƙoran, lambar ƙarshe kuma yawansu. Nau'in J tazarar haƙoransa milimita 2.34 ce, nau'in H kuma 1.6, saboda haka ko tsawonsu ɗaya, wannan ba ya hawa kan fulen wancan. Wasu kuma ana ƙara musu EL ko E, wato masu talewa ne. Yawancin injinan zamani masu ƙofa a gaba ba su da wurin ɗaure bel, moton a kafe yake, talewar bel ɗin ce ke ba shi ƙarfin kamu. Shi ya sa sabon bel mai talewa idan aka gwada shi da tsoho sai a ga kamar ya yi gajere, kuma sai an sha wuya kafin ya hau. A nan ne wasu masu gyara suke kuskure: su auna tsohon da ya riga ya saki, su je su nemo mai tsawonsa, ya hau cikin sauƙi, kowa ya yi murna. Bel da ya hau ba gardama a irin wannan inji, ni tsoronsa nake ji. A sayi bel da lambar da ke jikin na asali, ko da lambar samfurin injin da ke rubuce a bakin ƙofa ko a baya. Wurin sawa, a fara ɗora shi a hancin moto, a kama shi a saman babban fule, a ɗaure shi da ɗan igiya in ya cika gardama, sannan a juya fulen a hankali har ya hau. Kada a ɓanɓare shi da sukudireba, zaren cikinsa zai tsinke ba a gani ba. Kuma kada a shafa masa komai, ko mai, ko sabulu, ko wani feshi da ake cewa yana hana ƙara. Ƙarar za ta lafa kwana biyu, robar ta lalace.

Sai lodi, a nan kuma ke ce za ki yi wa kanki hisabi. Nauyin da aka rubuta a gaban inji, kilo 7 ko 8, na busassun kayan auduga ne, kuma a shirin wankin auduga kawai. Ma'auni mai sauƙi: idan kin zuba kaya, ya zama tafin hannunki a tsaye yana shiga tsakanin kayan da rufin ganga. Bargo mai kauri ko dardumar ƙasa idan ta sha ruwa takan dunƙule gefe ɗaya, ganga ta riƙa tsalle, boris da bel su sha wahala tare. Sabulu mai yawan kumfa shi ma yana da hannu. Kumfa idan ta cika tsakanin ganga da tanki tana riƙe ganga lokacin matsa, ga ta kuma tana taimaka wa ruwa ya ratsa sil. Haka idan famfon fitar da ruwa ya toshe, ganga za ta yi ƙoƙarin gudu a cikin ruwa. A buɗe ɗan murfin da ke ƙasa ta gaba, a tara kwano, a kwance matatar a wanke. Famfon da tsabar kuɗi ta cije shi ma yakan yi zafi ya yi nasa warin.

Ko da an tabbatar na roba ne, ina so a duba ɓangaren wuta tun da an riga an buɗe, domin shi ne ke tayar da gobara. Hitar injin wanki tana jan wajen wat 2,000, wato kusan amfiya 9 a kan wuta mai bolt 230. Soket mai sako-sako ko siririyar wayar ƙari ba za su ɗauki wannan ba, sai su riƙa zafi a hankali. Ki dubi ƙafafun fulogin da fuskar soket, in akwai baƙi ko launin ƙasa ko alamar narkewa, a sauya su duka biyun, kuma injin ya samu soket nasa shi kaɗai a bango. A ciki kuma a duba wayoyin bakin hita da na makullin ƙofa. Kada ki raina makullin nan. A watan Disamba na 2019 kamfanin Whirlpool ya yi kiran a dawo da injinan wanki kusan rabin miliyan masu sunan Hotpoint da Indesit a Birtaniya, saboda makullin ƙofarsu yana iya yin zafi har ya kama wuta. Ɗan abu ne da bai fi akwatin ashana biyu ba.

Moton yawancin injina masu shekarun naki yana da buroshi biyu na gawayi da ke gugar sandar da ke juyawa. Suna cinyewa kamar alli. Idan sun rage kamar santimita 1, sai moto ya fara tartsatsi, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ya juya wani lokaci ya ƙi, a ga baƙin gari a ƙarƙashinsa. Wannan ma yana iya sa ganga ta ƙi juyawa, amma bambancin shi ne ba za ki ji moto yana gudu ba, sai dai ƙarar shigar ruwa da fitarsa. Sauya buroshi ƙaramin aiki ne, a dai sauya biyun tare. Sababbin injina masu moton inbata ba su da buroshi sam.

Saboda masu karatu da injinsu ba irin naki ba ne, bari in ɗan ratse. Inji mai tanki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, da yawancin masu murfi a sama, bel ɗinsu mai kauri ne mai siffar V, kuma ana ɗaure shi ta hanyar sassauta notikan moto a ja shi baya. Idan an danna tsakiyarsa da yatsa ya lotsa kamar santimita 1, ya yi. In an ɗaure fiye da haka, boris ɗin moto ne zai biya. Waɗannan injina suna da kafasita da ke taimaka wa moto tashi. Idan ta mutu, moto zai tsaya yana gurnani ba ya juyawa, in an tura shi da hannu ya tafi, in an bar shi haka kuma kwayil ya gasu. Wuta mai rauni ma tana yi wa irin wannan moto haka, don haka in fitilu sun dushe a haƙura da wanki. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kada wanda bai san aikin ba ya taɓa bakinta. A ɓangaren matsa kuma akwai birki da waya ke saki idan an rufe murfi. Wayar in ta tsinke ko ta saki, birki zai ci gaba da kamu moto yana ja, ƙauri ya tashi. Akwai kuma injinan da ba su da bel ko kaɗan, moto a manne yake da bayan ganga, irin waɗanda LG da Fisher & Paykel suka yi suna da su. Mai irin wannan idan aka ce masa bel ɗinsa ya ƙone, ya nemi wani mai gyaran.

Injin busarwa kuwa, tsoron da kike ji yana kan hanya, don ya fi na wanki haɗari nesa ba kusa ba. Bel ɗinsa siriri ne dogo, ya zagaye gangar gaba ɗaya, ya bi ta hancin moto, akwai kuma ɗan ƙaramin fule mai sifirin da ke danne shi don ya yi tauri. Wannan ƙaramin fulen shi ne ya fi kawo matsala: boris ɗinsa ya bushe, ya fara tsuwa, daga baya ya cije, bel ya riƙa gugarsa har ya tsinke. Ƙananan tayoyin da ganga ke hawa su ma sukan cije. Idan bel ya tsinke, za ki ji moto yana gudu ganga na tsaye, in kin juya ta da hannu ta tafi sakayau ba nauyi. Wasu injinan suna da makunnin da ke kashe moto da zarar bel ya tsinke, sai injin ya yi shiru gaba ɗaya.

Amma abin da ke ƙona gida shi ne burbushin zaren da ke fita daga tufafi. Yana da laushi, a bushe yake, ga iska mai zafi tana bi ta kansa, ba abin da ya fi shi saurin kama wuta. A watan Nuwamba na 2015 Whirlpool ya sanar cewa miliyoyin injinan busarwa masu sunan Hotpoint, Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera daga Afrilun 2004 zuwa Satumban 2015, suna da aibin da ke barin burbushin ya taɓa hita. A watan Agusta na 2016 gobara ta tashi a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush da ke Landan, kuma hukumar kashe gobara ta birnin ta gano daga irin wannan inji ta faro. Saboda haka ki share ragar tace burbushi bayan kowane lodi, ba kowane sati ba. Tiyon da ke fitar da iska waje a zare shi a kakkaɓe lokaci-lokaci, kada ya lanƙwashe a bayan inji. Idan kaya sun fara daɗewa kafin su bushe, ko saman injin yana zafi fiye da da, iska ce ba ta fita. Sau ɗaya a shekara a sa mai gyara ya buɗe cikinsa ya share kewayen hita da moto. Akwai ɗan fis na zafi da ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. In ya yanke, a sauya shi a kuma nemo dalili. Duk mai gyaran da ya ce zai haɗe wayoyin ya tsallake shi, ki sallame shi a take. Tsumman da ya sha fetur ko mai kada ya shiga injin busarwa ko an wanke shi, kuma kada a kunna injin a fita ko a kwanta barci. Sabon inji dai yakan yi ɗan wari a amfani biyu ko uku na farko, wannan yana wucewa. Naki in ya fara ƙaurin tsumma, a kashe a buɗe.

Mu dawo kan injin wankin. Idan ya tabbata boris ne, ga yadda nake ganin lissafin. A duba tankin: in rabi biyu ne da aka haɗa da notika, ana buɗe shi a sauya boris biyun da sil tare, a kuma duba wurin da sil ke kamawa a jikin sanda, don in ya yi kaushi sabon sil ba zai daɗe ba. Inji mai shekara shida ya cancanci wannan gyaran. In kuwa tankin irin wanda aka narke aka manne ne, kamar yadda kamfanoni da yawa suke yi yanzu, masu shi ba su yi shi don a buɗe ba, tanki da ganga ake sauyawa gaba ɗaya. Akwai masu yanka shi da zarto su sauya boris su sake mannewa da gam da notika. Na ga wanda ya riƙe shekaru, na ga wanda ya fara yoyo cikin wata guda, ya danganta da hannun mai aikin. In har ƙarfe mai hannu ukun nan ma ya tsage, ni shawarata kada ki zuba kuɗi a kansa.

Idan mai gyaran ya dawo, ki ce ya cire bel ɗin a gabanki, ki juya gangar da hannunki, ki ɗaga leɓenta, ki shafa robar ƙofa, ku haska bayan tanki tare, sannan ku karanta lambar da ke jikin bel ɗin ku gwada da ta asali. In ya gama gyara, a fara gwada matsa ba kaya a ciki, sannan da tawul uku ko huɗu jiƙaƙƙu, kina tsaye a wurin. Da injin ya tsaya a zare fulogi a taɓa bel ɗin: ɗumi ba komai, amma in ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, har yanzu akwai abin da ke riƙe gangar, kada a mayar da murfin baya.